Ruwan Farko Da Tiyar Iri: Yadda Muke Kwana A Ƙarshen Bazara

Hausawa na cewa watan bakwai maƙarar rani, ko ba ruwa da alama. Mutumin birni in ya ji wannan magana zai ɗauke ta albishir. Mu da muke zaune arewa da Tasawa, daga yankin Urafan har zuwa ƙasar Mayahi, mun san akwai gargaɗi a cikinta, domin alama daban take da ruwa, ruwan farko ma daban yake da damina. A ƴan makonnin da ke tsakaninsu ne iri yake ƙarewa a gidan talaka, kuma a nan ne ake yanke shawarar da za ta nuna ko rumbu zai kai gida har wata kaka ko kuwa zai tsaya a hanya.

Ni malamin makarantar firamare ne. Shekara ashirin da ƴan kai ke nan da na fito daga makarantar horon malamai, amma albashi bai taɓa raba ni da sungumi ba, kuma ban san wani malamin ƙauye da ya raba shi da shi ba. Gonata ba ta cika hekta biyu ba, jigawa ce mai yashi irin ta ƙasarmu. Uwargida tana da ƴar gamanarta a gefe inda take sa wake da yakuwa da riɗi. A gida akwai awaki huɗu, tunkiya ɗaya da ɗanta, sai kaji da zabi. Wannan shi ne abin da nake duba sama dominsa tun daga tsakiyar watan Mayu har ƙarshen Yuni, kamar yadda kowane maigida a garinmu yake yi.

Wanda bai zauna nan ba zai yi wuya ya gane yadda gari ke juyawa a wannan lokaci. Da asuba za ka ji wata iska mai ɗan laushi tana busowa daga kudu maso yamma, har ka ji ƙamshin danshi a cikinta. Kafin hantsi ta ɗauke. Da azahar zafi ya wuce digiri 40, kaji sun buɗe baki a ƙarƙashin rumbu, yara a aji sun yi laƙwas, alli yana manne wa yatsu saboda gumi. Da la'asar sai gabas ta yi baƙi ƙirin, mata su yi ta kwashe shanya, a ɗaure awaki, a kife tukwane. Sai jar guguwa ta taso ta rufe gari har ba ka ganin dangar maƙwabcinka. Bayan rabin awa ta wuce, ta bar mana yashi a cikin tuwo da ƴan ɗige-ɗigen da ba su kai su kwantar da ƙura ba. Washegari ka ji labari ƙauyen da ke tafiyar awa ɗaya daga nan sun sha ruwa har tabki ya kawo. Jibi kuma iskar arewa ta dawo da ƙura kamar ana tsakiyar hunturu.

Akwai dalilin wannan, kuma nakan zana wa ƴan babban aji shi a allo. Iska biyu ne ke ja-in-ja a kan ƙasarmu. Ɗaya busasshiya ce, daga Sahara take fitowa ta arewa maso gabas. Ɗayar kuma mai danshi ce, daga teku take tasowa can kudancin Najeriya, tana hawowa arewa sannu a hankali. Tana isa Kano da Katsina kafin ta iso Maraɗi, tana isa Maraɗi kafin ta iso mu. A watan Mayu da farkon Yuni iyakar da ke tsakanin iskokin nan biyu tana kai da komo ne a daidai kanmu: yau ta wuce mu zuwa arewa, gobe ta koma kudu. Hadarin da ke haɗuwa a lokacin daga gabas yake tafiya zuwa yamma, yana tura ƙura a gabansa, kuma sau da yawa bai da faɗi. Shi ya sa gonar wani ke jiƙa ta ɗan'uwansa tana bushe. Sai iskar teku ta zauna da gindinta sannan za a ce damina ta kama.

Kakanninmu ba su da allo, amma suna da idanu. Suna duban shamuwa, in ta iso ta fara gyara sheƙa a bishiyar tsakar gari, an san ruwa ya kusa. Suna duban gawo, wanda yake riƙe ganyensa duk rani, sai damina ta ƙarato ya kakkaɓe shi. Suna lura da inda iska ke fitowa da dare. Waɗannan alamu gaskiya ne, har yau ina amfani da su. Sai dai shamuwa lokacin shekara take nunawa. Ba ta gaya maka ko ruwan daren jiya zai samu ƙani cikin mako guda, alhali wannan ita ce tambayar da ke hana maigida barci.

Hanya uku ce a gaban manomi. Ko ya yi binne, wato ya zuba iri a busasshiyar ƙasa tun kafin ruwa ya sauka, ya bar wa Allah. Ko ya jira ruwan farko mai ƙarfi ya fita da iyalinsa da sassafe. Ko kuma ya daure ya bar ruwan farko ya wuce, sai na biyu ko na uku. Kowace hanya da haɗarinta. Mai binne yana ciyar da ɓeraye da zabi da tururuwa, kuma in aka yi yayyafin da ya isa ya tada ƙwaya amma bai isa ya rayar da ita ba, ta tsiro ta mutu a cikin rami ba wanda ya gani. Mai shuka a ruwan farko yana iya ganin hatsinsa ya fito reras cikin kwana uku ko huɗu, sannan sama ta ɗauke mako biyu ko uku, yashi ya yi zafin da ba ka iya taka shi ba takalmi, tsiron ya ƙone yana kallo. Mai jira kuma yana cin kwanakin damina ne, a ƙasar da daminarta da ƙyar take cika wata uku.

Ƴan'uwanmu ma'aikata da ke birni sukan tambaye ni, wai me ya sa mutanen ƙauye ke gaggawa haka, ba sa jira ruwa ya zauna? Tambayar ba ta da laifi, amma amsarta tana da yawa. Na farko, ƙasar da ta sha rana wata takwas in ta samu ruwan farko takan saki wani ƙarfi na taki a kwanakin farko, hatsin da ya riski wannan ƙarfi yakan fi na baya kyau, in ka makara kuma ruwa ya wanke shi zuwa ƙasa ko ciyawa ta cinye. Na biyu, hatsin da ya riga ciyawa fitowa ya rage wa mai shi wahalar noman farko. Na uku, shi ne mafi nauyi: a watan Yuni rumbuna da yawa sun riga sun nuna gindi. Kowane mako da hatsi ya riga nuna, mako ne da aka rage na awo a kasuwa a lokacin da tiya ta fi tsada. Na huɗu, gidan da samarinsa suka tafi cin rani Kano ko Agadas ko Libiya ba su dawo ba, ba shi da hannun da zai shuke gona duka a rana ɗaya bayan ruwa, dole ya rage aiki da binne. Duk wanda ka gani yana binne cikin ƙura, akwai lissafin da ya yi.

Dattawa da hannu suke auna ruwa. Da gari ya waye bayan an yi ruwa, sai mutum ya je gona ya tona da yatsunsa. In danshi ya tsaya a tsawon yatsa, ya koma gida ya sha furarsa. In ya tona har hannu ya nutse ya wuce wuyan hannu bai tarar da busasshen yashi ba, sai ya aika a kira yara. Ni kuma a farfajiyar makaranta na kafa gwangwani mai miƙaƙƙen baki a kan turke, nesa da bishiya. Da safe ɗalibi ɗaya ya sa ƴar rula ya karanta zurfin ruwan, mu rubuta a gefen allo. A nan suke koyon cewa milimita ɗaya na nufin lita ɗaya a kan kowane murabba'in mita, milimita 20 kuwa a hekta guda lita 200,000 ke nan, wato duro dubu. Yaran da ke jan ruwa a rijiya mai zurfin gaba da yawa ba sa bukatar a yi musu dogon bayani kan girman wannan ni'ima.

Masana ma sun yi nasu awon. A cibiyar bincike ta ICRISAT da ke Sadore kusa da Yamai, wani masani mai suna Sivakumar ya fitar da wata ƙa'ida a 1988 wadda har yau ake aiki da ita: za a ce damina ta fara ne in bayan 1 ga Mayu aka samu ruwa milimita 20 cikin kwana uku a jere, kuma a kwana 30 da suka biyo baya ba a samu tsayawar ruwa da ta wuce kwana bakwai ba. Ƙa'ida ce mai kyau. Amma mai karatu ya lura, rabinta na farko ne kawai gwangwanina zai iya faɗa mini da safe. Rabinta na biyu sai bayan wata guda ake saninsa, lokacin da iri ya daɗe a ƙasa. Masani a ofis yana da damar ya waiwaya ya ce ranar kaza damina ta fara. Manomi kuwa a wannan safiyar zai yanke hukunci, da tiya uku ko huɗu na irin da ya ɓoye tun kaka a hannunsa.

Na taɓa kawo wa baffana wannan ƙa'ida muna zaune a gindin dangarsa. Ya haura shekara saba'in, ya ga yunwar 1973 yana saurayi, ya ga ta 1984 wadda mutanenmu ke kira El-Buhari yana da iyali. Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, "Malam, shi wannan mai lissafin, nawa ne irinsa?" Na ce, "Baffa, ai shi ba ya shuka." Ya ce, "To ka gaya masa ni kashi uku nake raba nawa. Kashi ɗaya na binne a tudu, kashi ɗaya na ruwan farko, kashi ɗaya kuma yana cikin tulu an liƙe bakinsa da laka, ko uwar ɗakina ba ta san inda yake ba." Ya yi dariya, ya ƙara da cewa, "Wanda ya zuba irinsa duka a ruwa ɗaya, ya shirya zuwa roƙo." Tun daga ranar nake kallon tulun nan a matsayin inshorar da ta fi kowace tsufa a ƙasarmu.

Akwai shekarar da muka yi shuka sau uku a garinmu. Ruwan farko ya zo da ƙarfi a ƙarshen Mayu, gwangwanin makaranta ya nuna abin da ya wuce ƙa'ida, gari duka ya fita. Hatsi ya fito gwanin sha'awa. Daga nan sama ta yi shiru kusan mako uku. Aka fita roƙon ruwa a filin idi, manya da yara, aka yi sadaka. Ruwa ya dawo, aka sake shuka inda ya mutu. Kwana biyar bayan haka guguwa ta zo ba ruwa a bayanta, ta yi ta kaɗa yashi a kan tsiron da bai wuce tsawon yatsa ba, wani ta yanke shi, wani ta binne shi. Shuka ta uku sai a farkon Yuli. A wannan karon ne aka ga bambancin gidaje. Masu ajiya suka buɗe tulu. Marasa ita suka shiga kasuwa suna sayen hatsin ci, wanda ba su san daga wace ƙasa aka kawo shi ba, ba su kuma san kwana nawa yake yi kafin ya nuna ba. Wani maƙwabcina ya sayar da akuyar matarsa, mai ciki, a kan kuɗin da da kaka ko kallonsa ba zai yi ba. Hatsin da ya saya dogon iri ne na kudu, ya yi kara mai kyau, ruwa ya ɗauke yana fitar da kai.

Wannan guguwa ita ta koya mini darajar itace a gona. Lokacin da muke yara, manomin kirki shi ne wanda ya share gonarsa fes, ya sare kowane kalgo da sabara, ya tara ya ƙone. Daga wajejen 1983 wani Bature ɗan Ostareliya, Tony Rinaudo, da yake aiki a Maraɗi, ya fara jan hankalin manoma su riƙa barin tohon da ke fitowa daga tsofaffin kututture, su zaɓi reshe biyu ko uku masu ƙarfi su gyara su, su sare sauran. Bayan yunwar 1984 abin ya bazu, ƙauyuka irin su Ɗan Saga a ƙasar Agye suka yi suna a kansa, yau kuma ana ƙiyasta cewa ya kai hekta miliyan 5 a kudancin Nijar. A gonata na ga amfaninsa da idona: layukan da ke yamma da kalgo da sabara, inda itacen ya tare musu iskar gabas, su ne suka tsira a shekarar shuka uku. Haka ma inda aka bar karan bara a kwance. Matsalar ita ce karan nan shi ne abincin awaki, shi ne makamashin girki, shi ne danga. Kowane dami da ka bari a gona, sai ka yi wa uwargida bayaninsa.

Dabbobi ma suna da nasu tashin hankalin, wanda ba a cika faɗa ba. Mutane na zaton da ruwa ya sauka wahalar bisashe ta ƙare. A gaskiya makonni biyu ko uku na farko su ne mafi tsanani. Ruwan farko yana jiƙa ɗan busasshen haki da ya rage a daji ya ruɓar da shi, sabuwar ciyawa kuma ba ta kai a kama da baki ba. Dabbar da ta rame tun Afrilu, in ruwan dare mai sanyi ya dake ta, da safe sai a ɗaga ta da hannu. In ta samu ɗanyen tsiro ta cika ciki, zawo ya kama ta. Ga shi kuma da an yi shuka dole a ɗaure kowace akuya a gida. Saboda haka harawar wake da aka ajiye a kan rumfa tun kaka, da ƴaƴan gawo da yara suka tsinto, da ɗan buhun dusa, a wannan lokaci ne suke biyan kuɗinsu. A gidana ba a taɓa kashin ƙarshe na harawa sai an ga hadari na farko.

Ranar shuka kuwa rana ce da ba ta da kama. Tun kafin a idar da sallar asuba ka ji ƙarar amalanke. Maigida na gaba da sungumi, taki ɗaya sara ɗaya, mata da yara na biye da ƙwarya, su jefa ƴan ƙwayoyi su rufe da diddige. Ba a tsayawa hira, domin yashinmu ba ya riƙe danshi, abin da ba ka shuka yau da gobe ba sai wani ruwan. Uwargida takan dama fura tun da dare don kada girki ya tsare ta, ta taya ni a gandu da safe, da yamma kuma mu koma gamanarta.

A irin wannan rana ajina yakan zama kusan wayam. Cikin yara sama da hamsin, in goma sha biyar suka zo an gode. Washegari za su shigo da yashi a ƙafa, ɗaya ya miƙe ya ce, "Mushe, Baba ne ya ce a je gona." Ban taɓa dukan yaro a kan wannan ba, domin ni ma da na tashi daga aji gonar zan nufa. Amma abin yana damuna, saboda shuka na faɗowa ne daidai lokacin jarrabawar ƙarshen shekara, kuma a shekarar da aka yi shuka uku, sau uku ajin ke watsewa. Ƙari a kan haka, azuzuwan zana da muke da su guguwar farko ce ke kwashe su, sai a haɗa aji biyu a ɗaki ɗaya. Abin da muka saba yi da iyayen yara shi ne yarjejeniya ta fatar baki: ranar da aka yi ruwan shuka da washegarinta na gona ne, mu kuma mu rama darasin da yamma ko ranar hutu, amma noman farko ba zai hana yaro zuwa aji da safe ba. Inda aka zauna aka yi wannan magana tun watan Afrilu, ana samun sauƙi.

Ba na cikin masu cewa a bar hanyar iyaye, ba na kuma cikin masu toshe kunne ga sabon abu. Cibiyar AGRHYMET da ke Yamai tare da ma'aikatun yanayi na ƙasashen yankin suna fitar da hasashen damina kowace shekara kafin ruwa ya sauka, suna faɗin ko za ta zo da wuri ko a makare, da ko ana tsoron dogon tsayawar ruwa a farkonta. Hasashe ne na yanki mai faɗi, ba zai ce maka gonarka za ta jiƙa ran Talata ba, amma ya isa ya sa mutum ya ƙara abin da ke cikin tulu. Ya kamata gidajen rediyon karkara su riƙa maimaita shi da Hausar da tsohuwa za ta gane. Haka kuma irin hatsi mai saurin nuna kamar HKP, wanda cibiyar binciken noma ta ƙasa, INRAN, ke yaɗawa, shi ya dace da shukar da aka makara, ko da mutum ya fi son zangonsa na gado a shukar farko. Da kowane ƙauye zai samu rumbun iri na haɗin gwiwa, a zuba da kaka a buɗe sai ranar sake shuka, da akuyoyi da yawa ba su tafi kasuwa a watan Yuni ba. Wannan ba ya bukatar jiran wata ƙungiya daga waje, tiya ɗaya daga kowane gida ta isa a fara.

Ga ƴan'uwa da ke birni ko ƙasashen waje masu aiko wa gida da taimako, ina da shawara guda. Yawanci kuna aikowa ne da azumi ko da salla, Allah Ya saka da alheri. Amma in da hali, ku riƙa buga waya a tsakiyar Yuni ku tambaya ko shuka ta kama. In aka ce ta mutu, jikka biyar da ta iso a wannan makon ta fi jikka ashirin da za ta iso a watan Agusta, domin ta farko iri za ta saya, ta biyun kuwa awo.

Yanzu haka da nake rubutun nan shamuwa ta iso, gawon da ke bakin gonata ya fara zubar da ganye, an kai taki, an gyara bakin sungumi a maƙera. Binne na tudu yana ƙasa, sauran irin yana inda yake. Allah Ya ba mu damina mai albarka, Ya sa ruwan farko ya zo da ƴan'uwansa, Ya tsare mana shuka daga iska da fara, Ya ba marasa iri mafita. Amin.